Ku Tambayi Ustaza: Makaranta da 'Ya'yanta da Suka Watse

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku na zaɓa a wannan watan, kuma dukkansu maganar makaranta suke. Kamar kullum, na taƙaita su, na cire sunaye.

TAMBAYA TA FARKO

Ustaza, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ƙanwata tana aure a wani ƙaramin gari a jihar Tekzas ta Amurka, mijinta yana aiki a kamfanin yankan shanu. 'Yarta mai shekara 16 ta turo hoto a zauren WhatsApp na dangi, an rataya mata wani ƙaton fure a wuya, da zirin ƙyalle har gwiwa da 'yan ƙararrawa, wai bikin makarantarsu ne da suke kira homkomin. Ta ce akwai zaɓen sarauniya, akwai rawa da daddare. Dangi sun rabu biyu. Wasu sun ce bikin coci ne, a hana ta. Wasu sun ce a ƙyale yarinya. Uwar ta ce ni ne babban wa, abin da na yanke shi za a yi. Wane irin biki ne wannan, kuma me zan ce mata?

Wani kawu, Gadarif, Sudan

AMSA

Alhaji, Allah ya ƙara zumunci. Ka fara da kwantar wa dangi hankali: wannan biki bai haɗa komai da coci ba, babu ibada a cikinsa. Bikin makaranta ne, an tsara shi ne don tsofaffin ɗalibai su dawo garinsu sau ɗaya a shekara su ga makarantar da ta yaye su.

A jami'o'i aka fara. Jami'ar Baylor da ke Tekzas ɗin nan ta yi irinsa a 1909, Jami'ar Ilinoi ta yi a 1910, amma labarin da aka fi bayarwa shi ne na Jami'ar Mizuri a 1911. Sun saba karawa da Jami'ar Kansas a wasan ƙwallo a wani birni dabam, sai a wannan shekarar aka dawo da wasan filin makaranta. Don kada fili ya zama wayam, shugaban wasanninsu, Chester Brewer, ya aika wa tsofaffin ɗalibai kira su dawo gida su kalli wasa. Suka amsa kira, aka yi jerin gwano, aka tashi wasa 3 da 3. Daga jami'o'i abin ya gangaro makarantun sakandare, har ya kai da wuya ka sami garin da ba a yi.

A ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba ake yin sa, makonni kaɗan bayan an koma karatu, kuma mako guda yake ci. Daga Litinin zuwa Alhamis kowace rana da irin shigarta: yau kowa ya sa launin ajinsa, gobe a yi shigar manoma ko ta kakanni. Azuzuwa huɗun sakandarensu, daga aji 9 zuwa aji 12, suna gasar ƙawata bango da ƙofofi. Karatu kuwa ba a tsayar da shi.

Ɗiyata tana aure a irin wannan gari a jihar Nebaraska, garin masara da shanu, kuma na taɓa zama a wurinta daidai wannan lokaci, don haka gani na yi, ba ji ba. Ranar Juma'a da rana aka rufe babban titin garin, wanda shi kaɗai ne babban titi. Masu kantuna sun shafe gilasan ƙofofinsu da launin makaranta. Motar kashe gobara ce a gaba, sai 'yan badujalar makaranta, yara maza da mata da ganguna da ƙahonni, sai taraktoci suna jan tireloli da kowane aji ya ƙawata da takarda mai launi, ana watsa wa ƙananan yara alewa. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce tirela ta can baya. Tsofaffi ne zaune a kan damin ciyawa, wasu riƙe da sanda, an rubuta a allo shekarar da suka gama makarantar, shekara 50 ke nan da suka wuce. Matar da ke tsaye kusa da ni ta nuna ɗaya daga cikinsu ta ce mijinta ne, ta nuna wani yaro mai buga ganga ta ce jikansu ne. Makaranta ɗaya ta yaye kaka, tana kuma riƙe da jika.

Da daddare sai wasan ƙwallo. Ba irin tamu ba ce, ƙwallon Amurka ce da ake runguma a ruga da ita, mutum 11 a kowane ɓangare, kowa da hular kwano. A wasu ƙauyukan Tekzas da ɗalibai suka yi ƙaranci, mutum 6 ne ke bugawa a kowane ɓangare, don dai kada gari ya rasa ƙungiya. A hutun rabin lokaci ake naɗa sarki da sarauniya. Ɗalibai ne ke jefa ƙuri'a tun cikin mako, galibi a zaɓo daga 'yan ajin ƙarshe, a ɗora wa yarinya kambu, iyayenta na tsaye a gefenta, a tafa, shi ke nan. Bayan wannan daren ba ta da wani aiki.

Akwai dalilin da ya sa mutanen gari ke fitowa ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. A can, kaso mai tsoka na kuɗin makaranta daga harajin gidaje da gonakin mutanen yankin yake fitowa, kuma su ne ke zaɓar kwamitin da ke kula da ita. A ƙaramin gari, zauren wasannin makaranta shi ne ɗaki mafi girma da ake da shi. Shi ya sa ba za ka ji an ce makarantar gwamnati ba, makarantarmu ake cewa. A Tekzas kuma tun 1984 akwai dokar da ta ce ɗalibin da ya kasa samun maki 70 a wani darasi za a dakatar da shi daga wasa sai ya gyara. Da ina da iko, da na kawo mana wannan dokar tun jiya.

Furen da ka gani al'adar Tekzas ce da maƙwabtanta. Ni a Nebaraska ban gan shi ba. Asalinsa fure ɗaya ne na gaske, irin mai buɗewa da kaka, saurayi ya ba budurwa ta maƙala a riga. A hankali aka koma na ƙyalle, aka yi ta ƙari, ƙararrawa, 'yar tsana, sunan yarinya da ajinta, har ya yi nauyin da sai an rataya a wuya. 'Yan ajin ƙarshe sukan sa fari da ruwan azurfa ko ruwan zinariya. Yanzu ba lalle saurayi ne ke bayarwa ba. Uwaye da gwaggwanni da ƙawaye suna haɗa shi da hannu a gida, domin na kanti tsada gare shi. Ka tambayi ƙanwarka wa ya haɗa wannan, ba mamaki ita ce da maƙwabciyarta. Abin da ba na so game da shi shi ne gasar da ya koma. Yarinyar da ubanta ke wuni a tsaye cikin sanyin kamfani yana yankan nama bai kamata ta ji ta ƙasƙanta ba don furen wata ya fi nata girma.

Saura rawa, wadda na san ita ce ainihin abin da ya tayar wa dangi da hankali. Ba zan ɓoye maka komai ba. Yawanci ranar Asabar da daddare ake yi a zauren makaranta, maza da mata a haɗe, kiɗa mai ƙarfi, kuma yawancin shigar ba irin tamu ba ce. Akwai malamai da iyaye masu sa ido, ba a shiga sai da tikiti, kuma yara da yawa a rukunin ƙawaye suke zuwa, ba da saurayi ba. Abin da su kansu iyayen can suka fi tsoro shi ne bayan an tashi. Yara ne masu lasin mota tun suna shekara 16, sai su zarce wani gida ko bayan gari inda babu babba, kuma a nan ne giya ke fitowa, duk da doka ta hana ta ga wanda bai kai 21 ba.

Shawarata ita ce a raba abin gida biyu. Jerin gwano da wasa da fure, a bar ta, kuma uwa da uba su je tare da ita su zauna a benci cikin mutanen gari, su gaisa da malamanta, su ga su wa take hulɗa da su. Wannan fitar ta fi musu amfani fiye da yadda suke zato. Rawa kuwa, ni dai ban yarje wa jikata ba, kuma na zauna na faɗa mata dalili ba tare da tsawa ba. A daren sai uwarta ta gayyato ƙawayenta gida, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, aka dafa abinci, aka yi musu lalle, suka sa kayansu masu kyau suka ɗauki hoto. Yarinya ba ta wayi gari ranar Litinin ba ta da labarin bayarwa ba.

Amma Alhaji, hukuncin na uban yarinyar ne da uwarta, su da ke ganin garin da idonsu. Naka shawara ce. Kuma don Allah ka sa a janye maganar daga zauren dangi. Yarinyar nan ta turo hoton ne don tana so ku yi murna tare da ita. In aka yi mata caa, gobe ba za ta sake turowa ba, daga nan kuma ba za ku ƙara sanin abin da take ciki ba. Ka kira ta da kanka, ka ce ka ga hoto, ka tambaye ta darasin da ta fi so.

TAMBAYA TA BIYU

Inna Ustaza, ina gaisuwa. Direba ne ni a Jidda. Mu 'yan dufa'ar 2004 ne, wato waɗanda suka gama tare a shekarar, na sakandaren maza ta garinmu, a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar a Sudan. Mun haɗu a WhatsApp, wasunmu na Saudiyya, wasu na Masar, wasu na Bur Sudan, kaɗan ne suka rage a gida. Mun tara ɗan abin da ya sawwaƙa. Wasu na so a kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a nan Jidda, a yanka raguna, mu ga juna. Wasu sun ce a tura kuɗin ga shugaban makaranta, domin 'yan gudun hijira sun zauna a cikinta lokacin yaƙi, an ƙona bencina, tagogi sun tafi. Gardama ta kusa watsa zauren. Wanne ya fi?

Ɗanki, Jidda

AMSA

Ɗana, Allah ya yi muku albarka da kuka tuna. Ku bar istiraha. Kada kuma ku tura kuɗi kawai ku koma ku kwanta. Ku tafi gida da ƙafarku, in hanya ta yi lafiya, ku yi taron a cikin harabar makarantar. Zumunta a ƙafa take. A istiraha za ku ci nama, ku tuna baya, ku watse, kuma babu yaro ɗaya na garinku da zai san an yi. Kuɗi kuwa zai saya benci, amma ba zai nuna wa ɗan aji uku cewa wani ya taɓa zama a ajin nan ya fita ya zama mutum ba.

Kada ku ɗauka aro za ku yi daga wata ƙasa. Muna da tushen abin. Hantub, wadda aka buɗe a 1946 a tsallaken kogi daga Wad Madani, da Wadi Sayyidna a arewa da Umdurman, da Khor Taggat kusa da Ubayyid, makarantun kwana ne da suka tara yara daga kowane sashe na ƙasar nan, kuma waɗanda suka fito daga cikinsu sun riƙe sunan makarantarsu har tsufa. Ja'afar Numeiri da Hasan Turabi da Muhammad Ibrahim Nugud duk ta Hantub suka bi: soja, ɗan harkar Musulunci da ɗan gurguzu, siyasa ta raba su iyakar rabuwa, amma makaranta ɗaya ce ta yaye su.

Ko a ƙananan garuruwa irin naku, inda na yi yawancin aikina, rayuwar makaranta ba ta taɓa tsayawa a allo da alli ba. Ku 'yan zamanin shekara 8 na asas, wato firamare, da 3 na sakandare ne, 'yan yunifom mai dabbare-dabbare irin kakin soja. Kun san tabur, layin da ake ja da safe, kun san alfa, shugaban aji, da takardarsa ta masu surutu, kun san fatur, karin kumallo na waken ful da burodi, da bosh, burodi a romon wake, ranar da aljihu ya bushe, mutum biyar a kwano ɗaya. Kun san randunan ruwa a gindin darbejiya. Kun san daren jam'iyya adabiyya, taron adabi na ɗalibai, inda yaron da ba ya iya ɗaga ido a aji zai miƙe ya rera waƙa har gari ya kwana da maganarsa, da lokacin daura madrasiyya, gasar makarantu, sa'ad da mutanen gari ke cika akori-kura su bi ƙungiyarsu zuwa wani gari. Kuma kun san watan Oktoba, lokacin da rabin aji ke ɓacewa saboda yankan riɗi ba ya jiran kowa.

Abu ɗaya ne muka rasa, shi ne rana tsayayya. Namu taron sai wani mai kuɗi ya zo hutu, ko wani babba zai kawo ziyara, a share fili, a yi jawabi, a jira shekara goma. Abin da ya sa na Amurka ya ɗore shi ne kowa ya san lokacinsa tun bara. Don haka ku zauna da shugaban makaranta da majalisar iyaye ku tsayar da mako ɗaya da ba zai riƙa sauyawa ba. Mutane za su ce a yi da Sallah tunda ana dawowa gida. Ni ban goyi baya ba: makaranta a rufe take, ɗalibai ba sa nan, kuma Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, wata rana cikin damina za ta faɗo, kun kuwa san abin da laka ke yi wa hanyoyinmu. Na fi son lokacin sanyi, wajen Janairu, an gama da riɗi da dawa, manomi na da ɗan abu a hannu, hanya ta bushe. In rana ta tsaya, kai ma za ka iya neman hutu wurin kafil, ubangidanka na aiki, tun da wuri.

Game da bencinan da aka ƙona, kada wanda ya buɗe baki ya zagi waɗanda suka zauna a makarantar. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, makarantu ne suka zama mafakar mutane a ko'ina. A Oktoban wannan shekarar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, Singa a Yunin 2024, jama'a suka kwararo da abin da suka iya ɗauka a ka. Wadda ta sa benci a murhu uwa ce da ke neman dafa wa yaranta. In har akwai sauransu a gari, ku gayyace su.

Gayyata ita ce wurin da irin wannan taro ya fi lalacewa. Akwai ɗan ajinku da ya bar makaranta a aji biyu ya koma gona ko tuƙin rakisha. Shi ne ya zauna a gari sa'ad da kuka fita, shi ya kai iyayen wasunku makwanci. Ba zai zo ba in saƙon waya kawai kuka aika masa, domin zai ji kunyar zama cikin masu ƙamshin turaren Jidda. Ku taka har ƙofar gidansa. Ni da za ku ji tawa, irinsa za ku ba shugabancin kwamiti. Kada kuma ku ce taron 'yan 2004 ne kawai, ku buɗe wa kowace dufa'a, har tsofaffin da suka yi karatu kafin a haife ku. Ku haɗa da sakandaren 'yan mata. 'Yan uwanku mata da suka gama a shekararku suna nan, wasu malamai, wasu ungozomomi, wasu a ɗakin miji, kuma sun fi ku sanin abin da makarantun garin ke buƙata.

Sannan kada wannan ya zama taron Hausawa. Na san ciwon da ke zukatanmu tun rikicin ƙabilancin da ya faru a yankin Damazin da Rusairis a Yulin 2022, na san mutane sun ƙara maƙalewa a cikin nasu. Amma a ajinku akwai Bafulatani, akwai Balarabe, akwai ɗan Barno, akwai wanda iyayensa suka zo daga yamma, kuma kwano ɗaya kuka ci. Makaranta na cikin 'yan wuraren da suka rage inda za a kira mutum da shekarar da ya gama, ba da ƙabilarsa ba. Saboda haka ne ma nake cewa kada ku ba ɗan siyasa ko mai kaki lasifika a ranar, ko da ɗan makarantar ne. Ya zo a matsayin ɗalibi, ya zauna inda kowa ya zauna.

Ranar kanta, ku fara da gayya tun da sassafe, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir: kafinta da magini da mai walda duk akwai su a cikinku. Kuɗin da kuka tara, ruwa da banɗaki ne farko, musamman a ɓangaren 'yan mata, domin na ga yarinya mai ƙoƙari tana fashin makaranta kwanaki a kowane wata saboda banɗaki babu ƙofa. Sai benci da allo. Fenti ne ƙarshe, ko da yake shi ya fi fitowa a hoto. Kuɗin ya bi ta Bankak, manhajar banki ta waya, mutum biyu su riƙe lissafi, ɗaya a gida ɗaya a waje, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a. Kada a karanta wa ya ba da nawa.

Kafin azahar, kowannenku ya shiga aji ɗaya na tsawon darasi guda ya faɗa wa yara aikinsa da yadda ya kai can, da daɗinsa da wuyarsa. Kai ma, ɗana, ka shiga. Yaran da ke mafarkin Saudiyya suna buƙatar jin gaskiyarta daga bakin wanda ke tuƙi a cikinta, har da maganar ikama, takardar izinin zama, da kewar gida. Da la'asar a buga ƙwallo, tsofaffi da na yanzu. Ku bar ɗalibai su shirya sauran, waƙa da wasan kwaikwayo da muhawara, ku ku zauna ku saurara. Abinci ba sai an yi gasar raguna ba. Agashe da burodi da karkade mai sanyi sun wadatar, in dai kowane yaro zai samu.

Wajen karramawa, kada ku tsaya a shugaban makaranta. Ku nemo gafir da ya kwana yana gadin ƙofar nan, da matar da ta yi shekaru tana sayar muku da fatur tana yafe bashi. Malamai kuwa sun yi watanni masu yawa babu albashi a wannan yaƙin, don haka ambulan ya fi musu takardar yabo mai gilashi.

Ku buɗe babban littafi, kowa ya rubuta sunansa da shekararsa da inda yake zaune, a bar shi a ofishin makaranta. A karanta sunayen waɗanda suka rasu, malamai da ɗalibai, a yi musu addu'a. Waɗanda suka ɓace ba a ji ɗuriyarsu ba, a ware nasu dabam, a roƙi Allah ya bayyana su. Kada a haɗa su da mamata alhali uwayensu na zaune a wurin suna jira. Wanda takardunsa ba su ba shi damar tafiya ba, ba laifi, ya aika nasa, a kira shi ta bidiyo ya gaisa da malamansa. Ko mutum goma ne suka iya zuwa a karon farko, ku yi, ku kuma sanar da ranar baɗi kafin a tashi.

TAMBAYA TA UKU

Gwaggo, shekarata 20, ina ajin ƙarshe. Yaƙi ya cinye mana kusan shekara biyu. Ƙawayena uku sun yi aure, ni kuma ina zaune da ƙannen bayana a aji, har wasu na ce mini Hajiya. Kunya nake ji, ina tunanin bari. Babana ya ce zaɓi nawa ne.

'Yarki, wani ƙauye kusa da Kasala

AMSA

'Yata, kada ki bari. Ba faɗuwa kika yi ba, ƙasa ce ta tsaya da ke. 'Yan dufa'ar 2023 sai a ƙarshen Disambar 2024 suka zauna jarrabawar shahada ta kammala sakandare, don haka duk jami'a da kwalejin da za ki shiga cike take da sa'o'inki. Takardar shahada kuma maki take nunawa, babu mai tambayar shekara nawa kika yi a hanya.

Abin da ya rage miki watanni ne. Darussa 7 ne ake haɗawa a fitar da nisba, wato jimillar makinki cikin ɗari: Larabci, Turanci, addini da lissafi, sai uku na ɓangarenki. Bayan dogon hutu irin wannan, lissafi da Turanci ne suka fi zubewa, don haka su za ki ba sa'ar farko bayan sallar asuba, kafin aikin gida ya taso. Ki nemi tambayoyin shekarun baya wurin malamanki, ki riƙa amsa su da agogo a gabanki. In zaman ajin ya gagare ki ƙwarai, akwai azuzuwan ittihad da malamai ke buɗewa ga masu maimaitawa da manya, kuma ana iya zama jarrabawar daga gida, amma ni na fi so ki zauna inda kike, kusa da malaman da suka san ki.

Masu ce miki Hajiya kuwa, ki zaɓi biyu ko uku daga cikinsu masu natsuwa ku riƙa bita tare da yamma. Wanda ya koya wa wani darasi ya fi kowa riƙe shi, kuma da wuya yarinyar da kika warware wa lissafi ta sake yi miki ba'a. Ƙawayenki da suka yi aure, ki ci gaba da ziyartarsu, ki faɗa musu ƙofar jarrabawa daga gida a buɗe take gare su su ma. Ki gaishe mini da babanki, ki ce na gode masa da ya bar miki zaɓi, kuma ki nuna masa wannan amsar don ya san kuɗin rajista na tafe, ya fara tanadi tun yanzu.